"Da Sauƙi" Ba Rahoton Likita Ba Ne

Duk wanda ya taɓa yin jinya a Asibitin Murtala da ke Kano ya san cewa mai jinya ba baƙo ba ne a ɗakin marasa lafiya. Shi ne mai kawo abinci, shi ne mai sayo magani, a kan tabarma yake kwana kusa da majinyacinsa. Idan likitoci suka zo zagayen safe, yakan matso ya kasa kunne. Wahala ce babba, amma aƙalla idonsa na kan abin da ke faruwa.

A birnin Greensboro na jihar North Carolina a Amurka, inda 'yan Nijar da yawa suka zauna tun shekarun 1990, lamarin ya sha bamban. A ɗauki misalin wata tsohuwa da ta zo daga Maraɗi ganin jikokinta, sai hawan jini ya kayar da ita. Asibiti ya ɗauke wa 'ya'yanta abinci da wanka da sayen magani. Abin da ya rage musu shi ne jira. Likita ya zo da sassafe ya wuce lokacin ɗanta yana wurin aiki. Ma'aikaciyar jinyar dare ba ita ce ta rana ba. An ɗebi jini, ba a faɗi dalili ba. Ga 'yan'uwa a gida suna ta bugo waya, shi kuwa ba shi da abin faɗa musu. Hausawa dai sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Sau da yawa ma'aikata kan fake da dokar sirrin majinyaci ta 1996, wadda ake kira HIPAA. Amma dokar ba ta hana likita yin bayani ga dangin da ke kula da mara lafiya ba, muddin shi mara lafiyar bai ƙi ba. Tsoron ƙara ne da ƙarancin lokaci suke rufe bakin mutane fiye da ita kanta dokar.

Sai kuma batun harshe, wanda ya fi komai haɗari. A 1980, a jihar Florida, an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume. Danginsa masu jin Sifaniyanci suka yi amfani da wata kalma da nufin cewa abin da ya ci ne ya ɓata masa ciki, ma'aikata suka ɗauka maye ake nufi. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gano, hannuwansa da ƙafafunsa sun shanye, aka ƙare da diyyar dala miliyan 71.

Hausa ma tana da irin wannan tarko. Idan aka tambayi Bahaushe, "Yaya jiki?" amsarsa ita ce, "Da sauƙi," ko da kuwa numfashi yake da ƙyar. Wannan ladabi ne da tawakkali. Tafintan da ya fassara kalmomin kawai zai sa likita ya rubuta cewa tsohuwa ta samu rangwame. Idan kuma ɗanta ne ke yin tafinta, kunya ba za ta bar ta ta ambaci matsalar fitsari ko ta mara a gabansa ba. Shi ma ɗan, in ya ji mummunan labari, zai sassauta shi kafin ya isar, don kada hankalinta ya tashi. Haka kowa zai yi abin kirki bisa al'adarsa, gaskiyar ciwon kuma ta ɓace a tsakani.

Greensboro na da tarihi a kan wannan fage. A nan ne likitan haƙori George Simkins da wasu likitoci da majinyata baƙar fata suka kai asibitocin Moses Cone da Wesley Long ƙara, kuma a 1963 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa asibitin da ya ci kuɗin gwamnatin tarayya ba shi da ikon nuna wariyar launin fata. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta biyo baya, sannan dokar lafiya ta 2010 ta ƙarfafa haƙƙin samun ƙwararren tafinta kyauta. An buɗe ƙofar asibiti ga kowa, amma wanda ya shiga bai fahimci abin da ake yi masa ba, ƙafa ɗaya kawai ya sa a ciki.

Saboda haka bai kamata iyali su ɗauki shiru a matsayin haƙuri ba. Su zaɓi mutum ɗaya, a rubuta sunansa a takardar majinyaciya, ya san sunan likitan da ke da alhakinta da lokacin zagaye. Ya nemi tafintan Hausa, ko ta waya ce, kuma ya bayyana cewa Hausa yake nufi, domin ba kowane ɗan Nijar ne ke jin Zabarmanci ko Faransanci ba. Asibitin kuwa, kiran waya na minti biyar a ƙayyadadden lokaci kowace rana ba zai gagare shi ba, ko da abin da likita zai ce shi ne sakamakon gwaji bai fito ba tukuna, sai gobe da azahar.