Ƴar ciki kafin babbar riga

Kowace shekara, da an gama kai amfanin gona rumbu, sai iska ta juya. Takan taso daga arewa maso gabas, ta ƙetare hamada, ta iso Yekuwa da hazo da ƙura. Wannan shi ne hunturu. A watannin Disamba da Janairu, a ƙasar Damagaram, ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 15 da asuba, wasu ranaku ma ƙasa da haka. Da azahar kuma ya hau kusan digiri 30. Ke nan a yini guda yaro yakan yi rawar ɗari da safe, ya yi gumi da rana.

Idan ɗari ya shigo, iyaye da yawa sukan tafi kasuwa su sayo wa yaro rigar sanyi guda mai kauri, su ce an gama. Ba su cika kula da abin da ke ƙarƙashinta ba. A nan kuskuren yake. Rigar da ke taɓa fata, wato ƴar ciki, ita ya kamata a fara zaɓa, kafin a yi zancen ta sama.

Ga dalili. Tufa ba ta haifar da zafi. Jikin mutum shi ne murhu, kullum zafinsa yana wajen digiri 37. Aikin tufa shi ne ta tsare iska tsakanin zarenta, iskar nan ta yi ɗumi, ta hana zafin jiki gudu. Amma idan tufa ta jiƙe, ruwa yakan cike gurbin iskar, kuma ruwa ya fi iska saurin kwashe zafi fiye da sau 20. Kowa ya san abin da ke sa ruwan randa sanyi. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin randar, iska tana busar da shi, tana tafiya da zafin. Yaron da ke sanye da jiƙaƙƙiyar riga cikin iskar hunturu ya zama randa.

Ba wuya riga ta jiƙe a ƙauye. Yarinya ta ɗauko ruwa daga rijiya da sassafe, tulu yana zuba mata a kafaɗa. Yaro ya taya mahaifinsa ban ruwa a lambu. Ɗalibai su buga ƙwallo lokacin shan iska, su yi gumi sharkaf, sa'an nan su koma aji su zauna shiru, iska tana shigowa ta taga ko ta jikin zana. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mura da tari da ciwon haƙarƙari, amma ƙura da ɗari suna buɗe musu ƙofa. Ciwon haƙarƙari kuwa yana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara a Nijar.

A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, mutane sun daɗe da gane wannan. Masu hawan duwatsu da masu wasan zamiya a kan ƙanƙara sukan sa tufa hawa uku. Ta ciki tana janye gumi. Ta tsakiya tana riƙe ɗumi. Ta waje tana tare iska. Ƴar cikin da suka fi yabawa ita ce wadda aka saƙa da ulu na wata tunkiya da ake kira merino.

Asalin merino ƙasar Sifaniya ce. Sarakunan can sun daɗe suna hana a fitar da ita waje, don tsananin darajar ulunta. Daga baya aka sassauta. A shekarar 1786 aka kai wani garke Faransa, a 1797 kuma ta isa Ostareliya, ƙasar da yau ta fi kowace samar da irin wannan ulu. Akan yi wa tunkiyar sausaya sau ɗaya a shekara, a samu kilo 4 zuwa 5. Silinta siriri ne ƙwarai. Idan aka raba milimita ɗaya kashi 1000, kaurin silin bai wuce kashi 24 ba. Gashin kan mutum ya ninka shi sau biyu ko uku, ko fiye. Shi ya sa rigar merino ba ta sukar fata kamar bargon ulu mai kaushi.

Ulu yana da halaye uku masu amfani. Na ɗaya, yana iya shan laima har kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba tare da an ji ya jiƙe ba, saboda haka fata takan zauna a bushe. Na biyu, ba ya saurin wari, don haka ba ya bukatar wanki kullum. Wannan ba ƙaramin abu ba ne inda ake jan ruwa da guga. Na uku, ba ya saurin kama wuta, kuma in ya kama yakan mutu da kansa. Auduga takan ci da wuta nan da nan. Zaren roba kuma yakan narke ya manne wa fata. Duk wanda ya san yadda yara ke matsawa kusa da wuta da asuba don jin ɗumi, ya san muhimmancin wannan.

Wani zai ce: to, ai akwai tumaki a Yekuwa. Gaskiya ne, amma uda da balami masu gajeren gashi ne, ba su da ulun da za a kaɗa. Haka ya dace da ƙasa mai zafi. An taɓa gwada barbarar merino da tumakin gida a Katsina wajen shekarun 1960, amma har yau tumakin Katsina masu gashi ne. Tumaki masu ulu a Afirka ta Yamma an fi samun su a Masina, cikin ƙasar Mali, inda masaƙan Fulani ke saƙa manyan barguna da shi.

Wani kuma zai ce: rigar merino ta masu kuɗi ce. Shi ma yana da gaskiya. Sabuwa takan kai kuɗin buhun gero, wani lokaci ma ta fi. Ba mai hankalin da zai ce manomi ya sayar da abincin iyalinsa don riga. Sai dai akwai kayan gwanjo. A cikin tulin tsofaffin tufafin da ake kasawa a kasuwannin ƙasar Magarya da Dungas, akan dace da rigar ulu ta gaske, a kuɗi ɗaya da ta roba, don sau da yawa ba a bambance su.

A nan ne ɗalibin da ke koyon Hausa da Faransanci zai yi wa gidansu amfani. A wuyan riga, ko a gefenta ta ciki, akwai ɗan ƙyalle mai rubutu. Idan an rubuta «laine», ulu ne. Idan an ƙara «mérinos», to, an yi dace. «Coton» auduga ce. «Acrylique» da «polyester» zaren roba ne. Lambar da ke kusa da kalmar tana faɗin kashi nawa ne cikin 100. Idan ƙyallen ya ɓace, ko rubutun na wani harshe ne, babba zai iya zare sili ɗaya ya kanga shi ga ashana. Ulu yakan yi ƙauri irin na babbakar kan rago, ya bar toka mai murmushewa. Roba takan dunƙule ta yi tauri. Wannan gwaji aikin manya ne, ba na yara ba. Ko zaren da mata ke saya da sunan ulu don saƙa hular jariri, yawancinsa roba ne.

Wanda ya samu rigar ulu sai ya riƙe ta da kyau. A wanke ta kafin a fara sawa. A yi wankin da ruwan sanyi, a hankali, ban da murza da ƙarfi, don ruwan zafi yana sa ta tsuke. A shimfiɗa ta a inuwa ta bushe. Idan bazara ta zo, a adana ta a wanke, cikin akwati mai murfi, saboda asu.

Wanda bai samu ba fa? Kada ya raina audugarsa. Kakanni ba su san merino ba, amma sun san hawa-hawa: ƴar ciki, da taguwa, da babbar riga, da rawani, ga gwado da dare. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, domin tsakanin kowace biyu akwai iska mai ɗumi, kuma rana na ɗagawa sai a tuɓe ɗaya. Sharaɗin auduga guda ne: kada ta zauna a jiki a jiƙe. Yaron da ya dawo daga rijiya ko lambu ya sake ƴar ciki kafin ya tafi makaranta. Wanda zai buga ƙwallo ya cire ta sama tukuna, in ya gama ya mayar. Babban wa ko babbar ya su riƙa taɓa rigar ƙanensu, su ji ko ta jiƙe, don ƙaramin yaro ba ya faɗi.

Hunturu ba ya zuwa ba zato, kowa ya san watansa. Gidan da ya tanadi busasshiyar ƴar ciki ga kowane yaro tun kaka ya yi abin da Hausawa ke cewa: rigakafi ya fi magani.