Bagaruwa da Kanwa a Ɗakin Mai Jego

A ƙasar Hausa, da zarar mace ta sauka lafiya sai tsofaffi su ɗora tukunya. Kwana arba'in za ta yi tana wankan jego da ganyen darbejiya ko na tsamiya, tana shan kunun kanwa, in kuma ta ƙaru wajen haihuwa a zaunar da ita cikin ruwan bagaruwa. Wasu 'yan boko kan yi wa waɗannan al'adu kuɗin goro, su ce duk camfi ne. Ba su kyauta ba, domin bagaruwa da kanwa ba aiki ɗaya suke yi a jiki ba.

'Ya'yan bagaruwa na ƙunshe da sinadarin tanin mai yawa, wanda saboda shi ne majema ke jima da su. Tanin yakan kama furotin ɗin fata ya tsuke shi, sai tsattsafowar jini da ruwa daga ƙaramin rauni ta ragu. Gwaji a ɗakin bincike ya kuma nuna yana hana wasu ƙwayoyin cuta hayayyafa. Idan an tafasa ruwan, an tace, an bari ya huce, zama a cikinsa yakan rage zogi. Sai dai abin da ke jeme fatar akuya ba abin cusawa cikin jiki ba ne, kuma ƙari mai zurfi ɗinki yake bukata.

Kanwa kuwa cike take da sodiyam, wanda ke riƙe ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya aiki. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga bincikensu a kan mata 224 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka alaƙanta ciwon da yawan kanwa da gashin jiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya gano wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam, don haka ba a ɗora wa kanwa laifin duka. Amma ɗirka wa mai hawan jini ko mai kumburin ƙafa kunun kanwa ganganci ne, ko da kaka ce ta dama shi.

Murɗawar mara a kwanakin farko, musamman lokacin shayarwa, mahaifa ce ke komawa mazauninta, kuma takan lafa da kanta. Zazzaɓi, ko jini mai wari, ko zubar jinin da ya ƙi tsayawa, ko haki in an kwanta, waɗannan ba na tukunya ba ne. A kai ta asibiti a ranar.