Duba Kundin Ɗalibai Ta Intanet

Tun da aka rufe makarantu cikin watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ɗalibai suka saba da karɓar darasi ta wayar hannu. Lalle wannan dama ce ga Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, ta tanadi shafin intanet inda ɗalibi zai aika da babin kundinsa a duba masa, a kuma riƙa bitar ƙa'idojin rubutu a zauren WhatsApp.

Sai dai fa gyaran rubutu yana cin lokaci ƙwarai. Muddin ba a keɓe malamai ga wannan aiki an rage musu darussa ba, babin da aka aika ranar Litinin yana iya kaiwa ƙarshen zango ba wanda ya buɗe shi.