Burjin Ambursa da Darajar Hanyar da Ba Ta da Kwalta

A siyasar Jihar Kebbi, kamar sauran jihohin Arewa, hanya ba ta cika hanya ba sai an malala mata kwalta. Hanyar burji kuwa shaida ce ta cewa gwamnati ta manta da mutanen wuri. Wannan fahimta tana jawo asara iri biyu. Ta farko, ƙauyuka kan share shekaru suna jiran kwaltar da ba ta zuwa, alhali burjin da suke da shi yana zaizayewa babu mai kula. Ta biyu, tana rufe idon masu tsara manufofi daga ganin cewa irin wannan hanya ta zama abin da mutane a wasu ƙasashe ke biyan kuɗi su hau keke a kanta. Yankin da ke tsakanin Birnin Kebbi, Ambursa da Argungu wuri ne da ya dace a gwada sauya wannan tunani.

Ambursa tana kan titin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, tafiyar da ba ta wuce ta awa guda a mota ba. A hannu ɗaya akwai fadamar Gulbin Rima, shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, wadda ruwa ke mamayewa da damina ya bar ta da laka mai albarka. A ɗaya hannun akwai tudu mai jigawa da tsaunuka marasa tsayi masu kan marmara, irin na Dukku da ke gefen Birnin Kebbi. Tsakanin tudun da fadamar akwai hanyoyi barkatai: na burji, na amalanke, da turbobin ƙafa da manoma, masunta da makiyaya suka fitar da sawunsu. Mai tafiya a kansu zai ratsa gonakin gero, ya gangara cikin shinkafa, ya bi gaɓar gulbi, ya sake hawa tudu, duk cikin 'yan kilomitoci.

Irin wannan ƙasa ce ake nema a wani salon hawan keke da ya bunƙasa cikin shekaru ashirin da suka wuce, wato hawan keke a hanyar tsakuwa. Keken da ake yi dominsa yana kama da na tsere, sai dai tayarsa ta fi faɗi, takan kai milimita 40 zuwa 50, kuma ba a cika mata iska sosai, domin ta kama ƙasa ta kuma rage gargada. A 2006 mutum 34 suka tashi daga garin Emporia a jihar Kansas ta Amurka don tseren mil 200 a hanyoyin makiyaya. Yau gasar, wadda ake kira Unbound Gravel, tana tara dubban mahaya a wannan ƙaramin gari kowace shekara. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta gudanar da gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Italiya. A Afirka ma, tun 2021 ake yin tseren kwana huɗu a yankin Masai Mara na Kenya.

Misalin da ya fi ƙayatarwa shi ne na yankin Tuskani a Italiya. A 1997 aka fara wani taron hawan tsofaffin kekuna mai suna L'Eroica, kuma cikin manufofinsa har da kare fararen hanyoyin tsakuwa na karkarar daga shafe su da kwalta. Abin da aka ɗauka alamar ƙauyanci sai ya zama abin da ke kawo baƙi. Babu ɗaya daga waɗannan wurare da ya fara da gina filin wasa. Hanyoyin manoma da makiyaya suka tarar, suka gyara, suka sa musu alama.

Kwarin Rima yana da abin da ya fi shimfiɗar ƙasa, yana da tarihi. A ƙarni na 19 wannan tsiri bakin dāga ne tsakanin Gwandu da Kabawan Argungu, kuma Ambursa na cikin garuruwan da Gwandu ta dogara da su a wannan gaba. Ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu zuwa Argungu a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, ita ce tushen bikin kamun kifi kamar yadda aka san shi a yau, bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Hanyar keke da za ta tashi daga Ambursa ta ƙare a Matan Fada da Gidan Tarihi na Kanta za ta ratsa ƙasar da aka yi yaƙi a kanta, ta sauka inda aka yi sulhu. Ga kuma filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a Ambursa ɗin kanta. Bikin Argungu na 'yan kwanaki ne, kuma ya taɓa tsayawa kimanin shekara goma kafin ya dawo a 2020. Hanya kuwa tana nan dukan watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwa ya janye, ƙasa ta tsane, zafin bazara bai sauko ba.

Sai dai kuskure ne a kafa hujjar a kan baƙi. Wanda zai fara cin moriyar burji mai kyau manomi ne. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, kuma a 2017 aka buɗe masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu. Amma kowane buhun shinkafa sai ya fita daga fadama kafin ya ga babbar mota, kuma yana fita ne a kan jaki, amalanke, babur ko keke. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin wannan ɗan tsakanin ya ƙara nauyi a wuyan mai gona. Hanyar da keke zai bi lami lafiya ita ce wadda amalanke ba za ta kafe a cikinta ba, ita ce kuma wadda za a bi da mai naƙuda zuwa asibiti.

Abin da ke kashe burji sananne ne ga kowane injiniya: ruwa. Muddin tsakiyar hanya na da ɗan doro da ke zubar da ruwa gefe, lambatu na buɗe, kwalbati bai toshe ba, burji zai yi shekaru. Da zarar doron ya baje, ruwa ya kwanta, sai rami ya zama kwazazzabo. Maganin shi ne gireda ta bi hanyar bayan kowace damina, a ƙara marmara inda ta lashe, a yashe magudanai kafin ruwan farko. Marmarar kuwa tana nan a tudun yankin. Kuɗin wannan aiki bai kama ƙafar na kwalta ba, amma aiki ne da ba a yanka masa kintinkiri, shi ya sa ba ya da farin jini wurin masu rabon kasafi. Shirin hanyoyin karkara na RAAMP da Bankin Duniya ke tallafawa, wanda Kebbi ke ciki, zai iya gina hanya. Kula da ita shekara bayan shekara nauyin jiha ne da ƙananan hukumomi.

Akwai ƙorafe-ƙorafe masu nauyi da bai kamata a kawar da kai daga gare su ba. Na farko tsaro. Harin da Lakurawa suka kai garin Mera a Ƙaramar Hukumar Augie a Nuwamban 2024 ya faru ne a maƙwabtan Argungu, kuma babu mai hankalin da zai gayyaci baƙi daji alhali mazauna wurin na kwana da ido ɗaya. Wannan dalili ne na farawa a hankali: gajerun zagaye kusa da babban titi, da rana, a ƙungiyance, da sanin hakimai da dagatai. Ba dalili ba ne na barin hanyoyin su mutu, domin hanyar da ta yanke ta fi yi wa ɗan ta'adda amfani a kan jami'in tsaro.

Na biyu, za a ce wannan dabara ce ta hana talaka kwalta. Inda manyan motoci ke zirga-zirga, kwalta ake bukata, babu ja. Amma babu kasafin da zai kai ta kowace ruga da kowace gona, kuma da babu gara ba daɗi. Na uku, za a ce wasan masu kuɗi ne. Gaskiya ne keken da ake tsere da shi a Kansas ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci. To amma tsohon keken Raleigh, wanda aka taɓa haɗawa a Kano, da irin waɗannan hanyoyi ya saba, kuma matasan ƙauyukan fadama sun riga kowa sanin inda rairayi ke kama taya da inda tsidau ke huda ta. Su ne 'yan jagora, su ne masu faci, su ne kuma 'yan tseren farko.

A nan ne 'yan boko ke da nasu alhakin. A da, keke abin hawan malamin makaranta ne da malamin gona, abin alfahari. Yau an mai da shi tambarin talauci, har ma'aikacin da likita ya umarta da motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga yana jin kunyar a gan shi a kai. Burkina Faso, wadda ba ta fi Najeriya arziki ba, tana gudanar da gasar Tour du Faso tun 1987, kuma keke bai zubar da girman kowa a Wagadugu ba. Matuƙar masu faɗa a ji ba sa bin hanyar burji sai lokacin yaƙin neman zaɓe, cikin mota mai gilashi a rufe, ba za su san halin da take ciki ba.

Matakan farko ba su da tsada. A zana taswirar hanyoyin da ke tsakanin garuruwan uku tare da manoma da masunta, a nuna waɗanda ambaliya ke shafewa, kamar yadda ta yi a 2020. A zaɓi zagaye biyu ko uku, a ware musu kuɗin gyara na dindindin a kasafi. A kafa alamomi da Hausa, a tanadi wuraren shan ruwa a ƙauyukan da ke kan hanya, a tsara yadda mahaya ba za su shiga shuka ko su tare burtali ba. Sannan masarautun Gwandu da Argungu su ɗauki nauyin tseren shekara-shekara daga Ambursa zuwa Matan Fada, da rukuni na musamman ga keken gida. Ma'aunin nasarar ba yawan baƙin da suka sauka a filin jirgi ba ne. A duba ko a watan Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, amalanken shinkafa ta isa bakin titi ba tare da an sauke mata kaya a tsakiyar hanya ba.