Kafin ka yarda cewa ya shekara 300, juya bayansa ka duba

A wani shagon kayan gwanjo a Kano, irin waɗanda ake sauke wa kwantenar kujeru da madubai daga Turai, na ci karo da wani abu da ya ɗaure mini kai. Firam ne na katako mai ƙafafu, tsayinsa ya kai ƙugu, a tsakiyarsa an ɗaure ɗinkin hannu na wani aku a kan reshe, furanni sun kewaye shi, gilashi ya rufe.

Na ce, "Alhaji, wannan fa na mene ne?"

Ya ce, "Malam, ai kayan gidan sarautar Ingila ne. Ya shekara 300 cif."

Bai san amfaninsa ba, amma ya san shekarunsa. Wannan ne ya sa na koma gida na shiga bincike.

Abin dai makarin wuta ne. A Ingila, kafin zuwan na'urorin ɗumama ɗaki, murhu ake ginawa a jikin bango a hura itace ko kwal. Wanda ya zauna kusa fuskarsa ta gasu, wanda ya matsa baya sanyi ya kama shi. Sai aka ƙirƙiro wannan allo da ake girkewa tsakanin mutum da wuta. Da bazara kuma, idan an daina hura wuta, a rufe bakin murhun da shi don kada baƙo ya ga toka. Matan gidajen masu hali su ke ɗinka adon da hannunsu, wani ya ci watanni.

Iri biyu aka fi sani. Akwai mai sanda, wanda allonsa ke hawa da sauka a jikin doguwar sanda mai ƙafa uku, akwai kuma mai faɗi kamar na shagon Alhaji. Shahararren kafintan nan Thomas Chippendale ya sa zanensu a littafinsa na 1754. Wato akwai makaran da suka doshi shekara 300 da gaske. Tambayar ita ce ko wannan yana cikinsu.

Masu wannan sana'a da zare suke farawa, kuma nan ne labarin ya fi daɗi.

Kafin 1856, rinin zare daga tsirrai da ƙwari da ma'adinai ake samunsa. Idan ana son kore, sai a tsoma ulu a baba ya yi shuɗi, sannan a ɗora masa rawaya. Rawayar ba ta jure haske, baba kuwa duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata ya san ba ya saki da wasa. Shi ya sa a tsofaffin ɗinkunan ƙarni na 18 za ka tarar ganyayen bishiya sun koma shuɗi. Baƙin zare kuma, da yake da sinadarin ƙarfe ake kama rininsa, yakan ci kansa ya zube, ya bar gurbi.

A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Henry Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran kwaltar kwal. Kwinin bai samu ba. Abin da ya fito shi ne rini mai launin shunayya, na farko a jerin rinin sinadari da ya cika kasuwa cikin 'yan shekaru. Launukan suna da ƙarfi, har su kashe ido. Ido kaɗai ba ya yanke hukunci, domin ana samun shunayya daga tsirrai tun kafin Perkin, sai gwajin masana ke tabbatarwa. Amma idan ka ga ja da shunayya masu ƙyalli irin na alawar yara, ka fara lissafi daga wajajen 1860 zuwa sama.

Sai salon ɗinkin. Tun farkon ƙarni na 19 masu ɗab'i a Balin ta Jamus suka fara sayar da zane a kan takarda mai gida-gida, kowane gida da launinsa. Mace ta sayi takarda da ulu, ta riƙa ƙirga gida tana soka allura. Daga shekarun 1830 zuwa na 1870 wannan yayi ya mamaye Ingila. Aku, manyan furannin wardi, ƙananan karnuka a kan matashi, su ne 'yan gaban goshinsa. Akun Alhaji ɗan wannan gida ne, ko makaho ya shafa zai ji gida-gidan.

Na koma shagon na roƙi Alhaji ya bari a cire allon baya. Ya yi jim, ya ce idan ya ɓaci zan biya. Gaban ɗinkin ya koɗe, amma bayan, da rana ba ta taɓa gani ba, jan da shunayyar suna nan raɗau. Ƙusoshin murɗawa da muka kwance kuma masu tsini ne, zarensu daidai wa daida, aikin inji. Na hannu da aka yi amfani da su kafin shekarun 1840 bakinsu a dakushe yake, tsagar kansu ma sau da yawa a karkace.

A lissafina, makarin na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kuma rabin mulkin na baya. Shekara 150 ko kusa da haka. Tsoho ne, ya ma wuce shekara 100 da 'yan kasuwar kayan tarihi ke gindayawa. Amma rabin abin da aka faɗa ne, kuma babu abin da ya haɗa shi da fada. Wani abin lura: firam da ɗinki ba dole su zama sa'o'in juna ba. Ana cire ɗinkin da asu ya cinye a sa sabo a tsohon firam, don haka kowanne da nasa hisabin.

Ban ga laifin Alhaji sosai ba, yadda aka faɗa masa ya faɗa. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ni da ban taɓa taka Ingila ba, na iya ƙiyasta shekarun ɗinkin wata Baturiya da wayar hannuna, saboda mutanenta sun zauna sun rubuta wane rini ya zo a wace shekara, wane salo ya gaji wane. Gidan tarihi na Victoria and Albert ya tara irin waɗannan ɗinkuna, makarantar koyon ɗinkin allura ta masarautarsu kuma tana aiki tun 1872.

A adakar gidanmu akwai babbar riga ta kakana, saƙi, mai aska takwas. Da aka tambaye ni shekarunta, abin da na iya cewa shi ne "ta daɗe". Alhali alamun suna jikinta kamar yadda suke jikin akun: faɗin ƙyallen da masaƙi ya saƙa, ko zaren aikin tsamiya ne ko na kanti, ko allura ce ta bi shi ko keke, ko shunin na marina ne. Tsofaffin maɗinka a Zariya da Kano da Bida suna karanta waɗannan da kallo ɗaya. Ba a rubuta yawancin abin da ke kansu da Hausa ba, kuma ba ƙuruciya suke ƙarawa ba. Irin waɗannan riguna suna ajiye a gidan tarihin Birtaniya da lamba da bayani, mu kuma muna ba dillali namu a kuɗin shadda ɗaya, ko mu kai wa mai wanki ya dirje su da omo.

Ra'ayina shi ne Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da sassan tarihi na jami'o'inmu su tura ɗalibai wurin waɗannan dattawa da rakoda da kyamara tun suna raye. Kafin nan, mai tsohuwar riga kada ya wanke, kada ya ba tela ya "gyara". Ya ɗauki hotonta ciki da waje, ya zauna da mafi tsufa a gidan ya rubuta wanda ya ɗinka, da wanda ya sa, da bikin ko naɗin da aka sa ta.

Na gaya wa Alhaji abin da na gano. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To Malam, 150 ɗin ma ai ba yau ba ce." Ranar Asabar zan kai rigar kakana wurin wani dattijon maɗinki a cikin gari, da littafin rubutu a aljihu.