Sharhi: G6PD, gadon jinin da ke ɓuya a bayan shawarar jarirai

A watan Disamba na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar farko ta gwajin ƙarancin sinadarin G6PD, mai ba da sakamako cikin mintuna daga ɗigon jinin yatsa. Dalilin hukumar shi ne kare masu shan magungunan maleriya irin su primaquine, amma a Najeriya jarirai ne suka fi buƙatar wannan gwaji.

G6PD sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga lalacewa. Ƙwayar gadon da ke samar da shi tana kan kuromosom ɗin X, wanda ɗa namiji ke karɓa daga mahaifiyarsa kaɗai, shi ya sa larurar ta fi bayyana a maza. An gano ta a 1956, kuma kimanin mutum miliyan 400 ke ɗauke da ita a duniya. Ta fi yawa inda maleriya ta daɗe, domin tana ba da 'yar kariya daga zazzaɓi mai tsanani. A Najeriya ta shafi fiye da kashi 10 cikin 100 na maza.

Mai larurar yana zaune lafiya har sai ya gamu da abin da zai tayar da ita: wata cuta, wasu magunguna, ko kafur da lalle. Sai ƙwayoyin jini su farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Wannan haɗari ne ya sa aka janye maganin maleriya na Lapdap a 2008.

A unguwa irin Ƙofar Ran da ke Bauchi, haɗarin yana cikin al'adar yau da kullum. Ana adana kayan jariri da kafur, mai jego takan koma gida jim kaɗan bayan haihuwa, shawara kuwa ta fi fitowa a kwana na biyu ko na uku, lokacin da hankalin gida ya karkata ga shirin suna. Idan ta yi tsanani takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko nakasa, ko ta yi ajalinsa. Shanya jariri a hantsi ba ya wadatarwa. Fitilar shuɗin haske ta asibiti ake buƙata, wani lokacin har da sauya jini, aikin manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Najeriya ba ta da tsarin gwada kowane jariri wannan larura. Kafin a kai ga hakan, hukumomin lafiya na jihar za su iya sanya bayanin kafur cikin darasin awon ciki, su kuma wajabta duba jariri a kwana na uku, ko a asibiti ko ta hannun ma'aikatan da ke bi gida-gida.