Gaskiya Ta Fi Kofi

A shekarar 1958, Stirling Moss da Mike Hawthorn, mutanen Ingila, suka yi takarar zama zakaran tseren motoci na duniya. A tseren ƙasar Fotugal alƙalai suka so su soke makin Hawthorn, wai ya karya doka. Moss ya tashi ya shaida cewa abokin takararsa bai yi laifi ba, aka bar masa makinsa. Da shekara ta ƙare, Hawthorn ya zama zakara da maki ɗaya tak.

Waɗansu masu sha'awar tseren suna ganin wauta Moss ya yi. Ba wauta ba ce. Kofin da aka samu ta ɓoye gaskiya ba ya ƙara wa mutum daraja. Gaskiya dokin ƙarfe ce.